Bakin Aro

Da aka ce kowa ya kawo rubutu don wannan ɗan littafi namu, na daɗe ina juya bik a hannu. Ina da labarai masu daɗi waɗanda zan fito a cikinsu fes kamar sabon kwano. Amma wanda ya hana ni barci shi ne wannan, kuma a cikinsa ni ne mai laifi. Na san yawancin masu karanta mu Musulmi ne, abokaina na aji da na ɗaki. Ni Kirista ne, abin kuma a majami'a ya faru. Ku yi haƙuri ku biyo ni, duk kalmar da ba ku saba ji ba zan warware ta a hanya.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Tsibiri. Kakana ne ya fara bin addinin Kirista a gidanmu, zamanin Turawan mishan, waɗanda suka fara zama a Damagaram a 1924 kafin su iso ƙasar Gobir. Mu kaɗan ne a Nijar. A ƙidayar 2012 ba mu kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa majami'a ɗaya a Maradi take tara mutanen da a wata ƙasa da kowa na da tasa. Ga tsofaffin ƙauye da ba su san ko “bonjour” ba, ga ma'aikata da ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Burkina, ga ɗalibai daga Cadi, ga Zabarmawa da aiki ya kawo. Don haka duk Lahadi mutum biyu ke tsayawa a gaba: mai wa'azi da tafinta. Wannan ya faɗi jimla ɗaya ya tsaya, wancan ya juya ta. In da Faransanci aka yi wa'azin, a mayar da shi Hausa. In da Hausa ne, a mayar da shi Faransanci.

Ina shekara 17, ina lise, aka yi wa tafintanmu canjin wurin aiki zuwa Tawa. Wata Lahadi fasto ya leƙa cikin matasa, ya nuna ni da yatsa. Na tashi gwiwoyina na kaɗawa, mikro na rawa a hannuna. Amma da mai wa'azi ya faɗi jimlar farko, sai na ji Hausarta ta riga ta zauna a kan harshena, kamar dama can tana jirana. Haka ta biyu, haka ta uku, har aka gama. Da aka tashi, wata tsohuwa ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, “Ɗana, yau na ji wa'azi har cikin cikina.” Wani dattijo kuma, tsohon mai bishara da duk muke kira Baba, ya dafa kafaɗata ya ce, “Wanga baiwa ce. Ka riƙe ta da kyau.”

Bari in bayyana abin da yake nufi. A wurinmu, an yi imani cewa Ruhu Mai Tsarki yana ba kowane mai bi wani abu da zai yi wa jama'a hidima da shi. Manzo Bulus ya yi maganar a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 12, da kuma a Romawa sura 12. Ya lissafa koyarwa, da warkarwa, da ƙarfafa zuciya, da bayarwa, da shugabanci, da jinƙai, har da taimako kawai. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci daga tushen kalmar “alheri” ta fito, wato abin da ba ka saya ba, ba ka kuma ci da guminka ba. Ya kwatanta jama'a da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, inda ido ba ya raina hannu, kai ba ya raina ƙafa. Duk wannan na san shi tun ina yaro. Har kyautar sabulu na taɓa ci a gasar tambayoyin Littafi Mai Tsarki a taron matasa saboda waɗannan surori. Sai dai sanin hanya daban, bin ta daban.

Wani zai ce, to ina baiwa a nan? Faransanci a lakkwal ka koye shi da bulalar mushe, Hausa kuwa a nono ka sha. Gaskiya ne. Amma na san mutane da yawa da suka fi ni harsunan biyu, in ka tsayar da su tsakanin mutum da mutum sai su daskare. Abin da aka ba ni kashi biyu ne: kunnen da ke kama nufin mai magana kafin ya rufe baki, da zuciyar da ke son tsohuwar da ke bencin baya ta fahimta. Na farkon ya yi ta ƙaruwa da shekaru. Na biyun ne ya riƙa tsiyayewa ban lura ba, kamar randa mai tsaga a gindi.

Da kaɗan-kaɗan abin ya fara. Mai wa'azi zai ce a yi haƙuri, ni sai in ƙara da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Jama'a su ce “Amin!” da ƙarfi. Mako na gaba karin magana biyu. Kafin in shiga jami'a, in mai wa'azi ya faɗi kalma biyar, ni sai na faɗi ashirin. A lokacin tasa jimlar mutane su yi tsit, a lokacin tawa su yi dariya, su tafa. Na fara jin ana cewa a ƙofa, “Ai tafintan ya fi mai wa'azin.” In yi kamar ban ji ba, alhali maganar na kwana da ni tana yi mini daɗi. Na sayi kwat a gwanjo. Na kuma watsar da Hausar gidanmu, na ɗauki ta rediyo da ta littafi, don a ganina “mi” da “wanga” da “tahi” ba su dace da mai kwat ba. A aji mun karanta littafin nan na Amadou Hampâté Bâ na 1973, labarin Wangrin, tafintan zamanin Nasara da ya mayar da bakinsa jari, yana cin kwamanda yana cin talaka. Na yi dariya tare da kowa. Ko sau ɗaya ban ga fuskata a ciki ba.

Baba ya taɓa tare ni bayan sujada ya ce, “Yaro, gishiri in ya yi yawa, miya ba ta shayuwa.” Na durƙusa na ce, “To, Baba.” A zuciyata na ce tsoho ne, zamaninsa ya wuce.

A cikin sanyin wata shekara aka shirya taron farkawa na kwana uku. An kafa rumfa a filin majami'a, an ɗauko manyan lasifikoki da janareto, an gayyato baƙon mai wa'azi daga wata ƙasa ta bakin teku, wanda bai san Hausa ko ta gaisuwa ba. Ni ne bakinsa duk kwana ukun. Daren ƙarshe aka kira marasa lafiya su fito a yi musu addu'a.

Cikin waɗanda suka fito akwai tsohuwar nan da ta riƙe hannuna ranar farko. Inna muke ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana tuyar ƙosai a bakin hanya, tana riƙon jikanta ɗan shekara shida. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya, matan na amsawa suna buga tulu, ko lasifika ba ta bukata. Watannin baya tari ya kama ta, aka auna a likita aka ce tarin fuka ne. Wata biyu ke nan tana shan magani, ta fara murmurewa, har ta koma kan kaskonta.

Baƙon ya ɗora hannu a kanta ya ce, “Que Dieu te guérisse.” Addu'a ce, roƙo ne. Sannan ya kawar da mikro daga bakinsa, ya sunkuya, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa cewa ta ci gaba da shan maganinta har ƙarshe kamar yadda aka ce mata a likita.

A nan sai kun karanta da baki, don takarda ba ta iya nuna abin da na yi. Ku dubi wannan jimla: Allah ya warkar da ke. In ka faɗi “ya” ɗin a gajarce, murya ƙasa, roƙo kake yi. In ka ja shi, ka ɗaga murya, labari kake bayarwa cewa an riga an gama, warkewa ta tabbata. Harufa ɗaya, magana biyu. Ni kuwa a daren nan na cika ƙirji da iska, na ja shi iya ja: “Inna, Allah yaa warkar da ke!”

Filin ya ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa, masu ganga suka saki hannu, Inna ta ɗaga hannuwa sama hawaye na zuba. Baƙon ya ga murna, ya yi murmushi, ya zaci addu'arsa ce aka karɓa da bangaskiya. Ya dube ni yana jiran in faɗi jimla ta biyu. Na gyaɗa masa kai kamar na faɗa, muka wuce kan na gaba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa hayaniya ce ta hana ni ji. Ƙarya ne. Na ji ta sarai, kalma bayan kalma. Na bar ta ne don na ga wuta ta kama, maganar magani kuwa ruwa ce, kuma ni ne na hura wutar. Wani abin da ke ƙona mini rai har yau: da Hausar kakata na yi, da cewa zan yi “Allah shi warkar da ke,” kuma a wannan babu ƙofar da ƙarya za ta shiga. Hausar da na raina ita ce da ta tsare ni.

Lahadin da ta biyo, Inna ta tsaya a gaba ta ba da shaida cewa Allah ya warkar da ita. Ni na juya shaidar zuwa Faransanci, aka tafa. Daga ranar ba ta koma karɓar magani ba.

Abin da ban damu in sani ba a lokacin, yanzu na san shi kamar sunana. Maganin tarin fuka wata shida ake shan sa ba fashi: wata biyu na farko magani iri huɗu a haɗe, wata huɗu na baya iri biyu. Bayan ƴan makonni tari yakan lafa, zazzaɓin dare ya tafi, mutum ya fara cin abinci, ya ga kamar ya warke. Amma ƙwayoyin cutar ba su ƙare ba, sun ragu ne kawai. In aka tsaya a nan sai su sake yaɗuwa, wani lokaci ma su dawo sun saba da maganin, ya daina kama su. Kuma ta iska ake ɗaukar cutar, don haka duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai tari yana cikin haɗari. Daidai wannan gaɓa ta yaudara Inna take lokacin da na ɗaga murya a kanta.

Na shiga jarrabawa, na fita, na manta. Sai cikin zafin bazara na lura waƙar zumuntar mata ta canza, wata ce ke bayarwa. Na tambaya, aka ce Inna na kwance, har jini take tofarwa.

A ranar Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa, a kan tabarma. Baba bai yi lakkwal ba, amma ya yi shekaru yana wanke gyambon kutare a likitar mishan, don haka akwai kalmomin Faransanci da kunnensa ya sani. Bai amsa gaisuwata da tsawo ba.

“Daren nan na taro, mi baƙon ga yac ce ma tsohuwa?”

Na ce, “Addu'a ya yi mata, Baba.”

“Bayan addu'a hwa? Ina zaune kusa. Na ji ya ambaci magani.”

Na yi shiru.

“Kai kuwa mi kac ce?”

Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa na wucewa a bakin tabarma.

Ya ce shi ma yana da nasa laifin. Ya ji kalmar a daren, amma ya ce a ransa wataƙila kunnen tsufa ne, yaron ai ya fi shi sani. Da ya ga ta daina zuwa likita, ya taka har gidanta sau biyu yana roƙonta ta koma. Ta ce masa bawan Allah ya faɗa a gaban jama'a, da kunnenta ta ji, komawa ga ƙwaya bayan wannan ai rashin bangaskiya ne.

“Ka gani?” in ji Baba. “Bakinka taj ji. Amma ta ɗauka bakin baƙo ne, baƙo kuwa ta ɗauke shi bakin Allah. In ka tsaya gaba, bakin ga ba naka ba ne, aro aka ba ka. Wanda an ka aika da goro bai ɓantara a hanya, bai kuma ƙara da nashi ya ce na mai aike ne.”

Na fara ciniki. Na ce zan kai ta likita da kaina, zan biya kuɗin adaidaita, ba sai kowa ya ji ba. Baba ya girgiza kai. Ya ce muddin tana ganin haɗiye ƙwaya saɓon Allah ne, ko an kai ta ba za ta haɗiye ba. “Bakin da ya ɗaure, shi ka kwancewa. Tashi ka tahi.”

Tafiyar da ba ta fi minti goma ba, na yi ta kamar mai zuwa Agadas a ƙasa. Na same ta a ɗaki kan tabarma, ta rame har zoben hannunta na zamewa, jikan na zaune kusa da kanta yana kora mata ƙuda. Kaskon ƙosai na kife a tsakar gida, ƙura ta rufe shi. Ta gan ni ta yi murmushi, ta ce, “Maraba da bakin Allah.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa na faɗa mata duka. Na maimaita abin da baƙon ya ce, jimla biyun, yadda suke. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sai numfashinta da ke fita da ƙara.

“Ashe ba shi ya hwaɗi ba?”

“Ni ne, Inna.”

“Ya ce in sha magani?”

“Ya ce ki sha har ƙarshe.”

Ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, “Ɗana, da ka hwaɗa mini in sha, da na sha. Ni ban jayayya da maganar Allah.”

Na zo da ayoyi a shirye. Na yi niyyar gaya mata cewa Luka, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne. Cewa Bulus da kansa, wanda aka warkar da mutane ta hannunsa, ya taɓa barin abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ban iya faɗin ko ɗaya ba. Ba ita ke bukatar wa'azi a ɗakin nan ba.

Washegari muka je likita. Aka karɓi kakinta aka auna. Ma'aikacin da ya duba katinta ya ga inda alamun suka tsaya, ransa ya ɓaci, ya yi ta faɗa da Faransanci yana tambayar wa ya ce ta daina. Inna ta dube ni. A nan na yi fassarar da ta fi kowace wuya a rayuwata: na juya mata faɗan yadda yake, ban rage masa zafi ba, sannan na juya na gaya masa da Faransanci cewa ni ne. Ya cire gilashinsa ya kalle ni daga sama har ƙasa, bai ce komai ba, ya ci gaba da rubutu. Allah ya taimake mu, gwaji ya nuna maganin na kama cutar har yanzu, jikan kuma da aka duba shi ba a same shi da ita ba. Amma wata biyun da ta sha a baya sun tafi a banza. Daga farko za a sake, wata shida cur. Maganin kyauta ne, amma abinci ba kyauta ba ne, kuma mai tuyar ƙosai da ba ta tuya ba ta da abin sawa a tukunya. Sai da ta sayar da akuyarta.

Lahadi na tsaya a gaban jama'a na faɗi abin da na yi. Na faɗa da Hausa, da Hausar gidanmu. Da na gama sai aka yi shiru, rabin majami'a na kallona ba su gane ba. Babu wani tafinta. Dole na sake ɗaukar mikro na fassara tonon asirin kaina zuwa Faransanci. Wanda bai taɓa faɗin laifinsa sau biyu a jere da harshe biyu ba, bai san tsawon minti biyar ba.

Dattawan ikkilisiya suka sa ni ƙarƙashin horo na wata shida, wato ba zan yi wata hidima a gaba ba, kuma a bencin baya zan zauna. Bencin baya kuwa shi ne na tsofaffin mata. Wata yarinya ƴar lise aka sa a wurina. Tana in'ina, tana tsayawa, wani lokaci ta juya ga mai wa'azi a gaban kowa ta ce ba ta gane ba, ya maimaita. Ni da ban taɓa yarda in ce ban gane ba, kunya ta riƙa kama ni a madadinta. Amma daga inda nake zaune ina jin tsofaffin na cewa “uhm, haka ne” a daidai wurin da ya kamata. Da aka tashi suna iya faɗa maka abin da aka yi wa'azi a kai. A zamanina, karin maganata suke tunawa.

A watannin nan na sake karanta misalin talanti a Matiyu sura 25, na maigidan da zai yi tafiya ya ba bayinsa uku dukiya, ɗaya talanti 5, ɗaya 2, ɗaya 1. Talanti ba ƙaramin kuɗi ba ne. Masana na cewa guda ɗaya ya kai kusan ladan shekara 20 na lebura. Kullum in an yi mana wa'azi a kai, a kan na ukun ake tsayawa, wanda ya haƙa rami ya binne nasa. A ce mana, matasa, kada ku binne baiwarku. Ni kuwa ban binne tawa ba, shi ya sa nake ganin na tsira. Ban lura ba cewa biyun da aka yaba, da maigida ya dawo, uwar kuɗi da riba duka suka ajiye a gabansa, kuma a kan amana aka yabe su, ba a kan ƙwarewa ba. Ni na juya dukiyar, ta yi riba, amma aljihuna nake zubawa. Akwai hanyar cin amanar baiwa da ba ta kama da lalaci ko kaɗan. Mai yin ta kullum yana gaba, yana zufa, ana tafa masa.

Na kuma ga wani abu a Ayyukan Manzanni sura 6 da ban taɓa lura da shi ba. Rigimar farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima ta shafi harshe ne da tsofaffin mata. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu wajen rabon abinci na kullum. Aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. Sharaɗin da aka sa kafin a ba mutum wannan aiki na rabon tuwo shi ne ya zama mai kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ashe tun farko, tsayawa tsakanin mai harshe da marar harshe don kada a manta da wata tsohuwa aiki ne da ake neman mai tsoron Allah a kansa.

Kowace safiya kafin in tafi jami'a nakan biya gidan Inna, in ga ta haɗiye ƙwayoyinta, in sa alama a kati. Ranar karɓar magani in raka ta. A layin likita ne wani tsoho mai rawani ya ga ina karanta mata takarda, ya miƙo tasa ya ce, “Ɗan lakkwal, duba mini wagga.” Bayansa wata mai goyo, bayanta wani. Takardun magani duk da Faransanci ake rubuta su, masu riƙe da su kuwa yawanci daga ƙauye suka zo. Wani yana shan na safe da dare, wata ta ɗauka sau uku a rana na nufin guda uku a lokaci ɗaya. Tun daga nan duk Laraba, ranar da ba ni da darasi da safe, nakan je in zauna a bencin. Yanzu mu uku ne, ɗaya abokina ne Musulmi da muke ɗaki ɗaya. Ba mai tafi a wurin. Ba wurin karin magana a cikin “guda ɗaya, bayan abinci, kwana bakwai.” In ban iya karanta rubutun ba, nakan tashi in koma in tambayi wanda ya rubuta. A wannan benci ne kashi na biyu na baiwata, wanda ya tsiyaye, ya fara taruwa.

Inna ta cika wata shida, aka auna, aka ce ta warke. Amma huhunta bai koma yadda yake ba. In ta ja waƙa, numfashi na yanke mata a tsakiyar baiti. Yanzu a zaune take cikin mata tana buga tulu, wata na bayarwa. Ta yafe mini tun kafin in gama roƙo, na kuma gaskata Allah ya yafe. Sai dai yafiya ba ta mayar da murya ba. Duk Lahadi in zumuntar mata suka tashi, ina jin gurbin da ke cikin waƙar, kuma na san wanda ya haƙa shi. Da baiwata na taɓa tata.

An mayar da ni gaba bayan horo, muna karɓa-karɓa da yarinyar nan. In ban gane ba, ina tambaya. Karin magana ba na sa ta sai in ta ɗauki daidai kayan da jimlar ta ɗauko. In mai wa'azi ya faɗi abin da ban so ba, ina faɗinsa yadda yake, bayan an tashi in same shi mu yi magana. Abokina na ɗaki ya taɓa yi mini tambaya mai wuya: to in wata rana baƙo da kansa ya ce wa marar lafiya ya zubar da magani fa, za ka fassara? Na kwana biyu ina tunani, sannan na je na gaya wa fasto amsata tun kafin ranar ta zo. Ba zan juya maganar a ɓoye in sa masa abin da bai ce ba, don wannan shi ne tsohon laifina da sabuwar riga. Zan ajiye mikro a gaban kowa in ce wannan ba zan ɗauka ba, ga dalili. Mai wa'azi aron bakina yake yi na awa ɗaya, amma akwai wanda ya ba ni aron tun farko, kuma shi zan ba lissafi. Fasto ya ce ya ji, ya kuma yarda.

Ƴan'uwa ɗalibai, ko ba ku taɓa shiga majami'a ba, kusan dukanmu tafintoci ne. Mu ne ake miƙo wa takardar likita, da saƙon waya, da takardar fili, da wasiƙar lakkwal ta ƙane, a ce duba mini. Iyayenmu ba su da hanyar bincika abin da muka ce takardar ta ce. Sun ba mu kunnensu ne kawai. Ni na san abin da jan wasali ɗaya ya ci.

Makon jiya bayan sujada Inna ta tare ni a ƙofa, ta riƙe hannuna da hannu biyu kamar ranar farko.

“Ɗana, na yau duk nashi ne, ko da naka a ciki?”

Na ce, “Duk nashi ne, Inna.”

Ta ce, “To, madalla. Bai yi daɗi ƙwarai ba, amma na ji.”